Gargaɗi kan masu sayar da “haɗin itatuwa” na kurajen fuska a Kano

Assalamu alaikum. Wannan jan kunne ne ga 'yan uwa mata da samari, da kuma iyayen da ke biyan kuɗin man shafawar 'ya'yansu. Akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi a cikin garin nan: masu tallar maganin kurajen fuska a Instagram da TikTok da WhatsApp, suna rantsuwa da Allah cewa zallar itatuwa ne, zuma da kurkur da habbatus sauda da ganyen darbejiya, babu kemikal ko ɗigo. Sunan shafi yana canzawa, launin roba yana canzawa, amma salon damfarar bai taɓa canzawa ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Za ki ga hoto biyu, na farko fuska duk kuraje a cikin ɗaki mai duhu, na biyu fuska sumul a gaban taga, an ɗora filta. A ƙasa an rubuta kwana bakwai. Kina yin magana za a amsa miki da “ranki ya daɗe” da “Hajiyata”, a ce kaya sun kusa ƙarewa, ki yi tiransifa yanzu. Babu shago, babu adireshi. Ɗan aike ne zai kawo miki saiti mai abu uku: sabulu baƙi, ruwan goge fuska, da wani kirim na dare a 'yar roba marar rubutu, ko mai sitika ɗauke da sunan shafin da lambar waya kawai. Sabulun da ruwan ado ne. Cinikin duk yana cikin wannan 'yar robar.

Kuma kirim ɗin zai yi aiki, a nan ne mutane ke ruɗewa. Cikin kwana uku zuwa mako guda kurajen za su kwanta, fuska ta yi haske, ƙawaye su fara tambaya. Wanda ya san yadda ƙurji yake samuwa ya san wannan saurin kansa shi ne shaidar ha'inci. Kurajen fuska suna farawa ne a ƙofofin gashi. Sinadaran balaga suna sa fata ta riƙa fitar da maiƙo fiye da kima, maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar, wata ƙwayar cuta da dama can take zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, sai kumburi da mugunya su biyo baya. Ƙurjin da ya fito yau ya yi makonni yana haɗuwa a ƙasa. Shi ya sa magungunan da likitocin fata ke rubutawa suke ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin bambanci, wani lokaci sai mako 12. Babu zuma ko kurkur da za su riga su.

Abin da ke kwantar da kumburi cikin kwana uku shi ne sitiroyid. Ana sayen sa a ƙananan tub-tub, irin waɗanda za ki ga an rubuta Clobetasol ko Betamethasone a jikin kwalinsu, ko man nan mai haɗi uku da ake sha'awar sayarwa a kemis don ƙaiƙayi. A matse su a cikin kirim mai arha, a zuba ɗan kurkur don launi, a ɗiga turare, shi ke nan an samu “sirrin kaka”. Magunguna ne na gaskiya, suna da amfani a hannun likita ga wasu cututtukan fata na ɗan gajeren lokaci, amma ba maganin kurajen fuska ba ne, kuma Clobetasol ɗin nan yana cikin mafiya ƙarfi, ba a son ya taɓa fuska sai da dalili mai ƙarfi. Aikin sitiroyid shi ne ya tsuke ƙananan jijiyoyin jini ya danne garkuwar fata. Toshewar da ta haifar da ƙurjin tana nan daram.

Bayan wasu makonni sai fata ta fara bayar da labari. Wasu sababbin kuraje ƙanana za su feso, duk girmansu ɗaya, a goshi da kumatu har ƙirji, saɓanin kurajen asali da ke zuwa manya da ƙanana, wasu da baƙin kai. Fata ta yi siriri tana sheƙi, ƙananan jijiyoyi su bayyana a kunci, gashi ya fara tsirowa a gefen fuska. Zafin murhu ko ranar azahar su riƙa sa fuskar raɗaɗi, wata ma ruwan alwala kaɗai ya ishe ta. Makero da kyasbi su samu gindin zama saboda an kashe garkuwar wurin. Wadda ta kai shi har jiki, nankarwa mai faɗi za ta tsaga hammata da cinya, kuma ita ba ta komawa. In ana shafawa kusa da ido yana iya ɗaga matsin cikin ido, in kuma an daɗe ana shafe jiki da shi yana shiga jini ya taɓa sukari da hawan jini.

To, ranar da robar ta ƙare ko kika dakata, fuska za ta yi ja, ta kumbura, ta yi zafi kamar an watsa barkono, kuraje su dawo ninkin ba ninkin. Kina kai ƙorafi amsar a shirye take: “Dattin ciki ne yake fita, Anti, ki daure, yanzu mataki na biyu za ki shiga.” Mataki na biyun ya fi tsada, kuma shi ne dai na farkon aka ƙara wa ƙarfi. Kin shafa, wuta ta lafa, kin ƙara yarda da mai sayarwar. Wannan dawowar ita ce jarin mai haɗin. Da maganin yana warkarwa da sau ɗaya za ki saya. Wadda ta matsa da tambaya ko ta nemi a maido mata kuɗinta, sai a rufe ta a shafin, a goge abin da ta rubuta. Wasu ma sun ƙara wani reshe: a biya kuɗin “aji” a WhatsApp a koyi haɗin, a zama wakiliya, sai ki ga yarinya tana sayar wa 'yan ajinsu da ƙannenta abin da ita kanta ba ta san sunansa ba.

Sitiroyid ba shi kaɗai ba ne. Don a goge baƙin tabo ana zuba sinadarin haska fata mai suna haidirokwinon fiye da kima, wanda in an daɗe a kansa yake haifar da wani baƙi mai ratsin shuɗi a saman kunci, mai matuƙar wuyar magani. Kirim ɗin da ya koma ruwan ƙasa bayan an buɗe shi na ɗan lokaci abin zargi ne, domin kuwa haka wannan sinadarin yake yi in ya sha iska. Akwai kuma makuri, wani ƙarfe mai guba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda ke ratsawa zuwa ɗan tayi da ruwan nono. Dokar NAFDAC ta haramta sa sitiroyid da makuri a kayan kwalliya, ta kuma taƙaita haidirokwinon a kashi 2 cikin 100. A 2023 hukumar ta ayyana shafe-shafen canza launin fata a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Babu wani gwaji na gida da zai nuna miki akwai sitiroyid a roba. Gwadawa a bayan kunne ko a hannu yana nuna ko fatarki na ƙin abu ne kawai. Amma hankali yana kama wasu abubuwa. Haɗin ganye da ruwa, in babu sinadarin adanawa, ba zai yi mako guda a zafin Kano na watan Afrilu bai yi tsami ko fumfuna ba, to me ya riƙe wannan wata uku a kan madubi? Maganin kuraje kuma ba ya sa fuska ta fi wuya da kunne haske. Ki nemi ganin jerin abin da ke ciki, sunan mai yi da adireshinsa, lambar rukuni, ranar ƙarewa da lambar NAFDAC. Da yawa za su turo miki takardar CAC. Wannan rajistar sunan kasuwanci ce, ba ta ce komai a kan abin da ke cikin roba ba.

Wadda ta riga ta shiga, kada ta ji kunya, kuma kada ta koma wurin wata mai haɗin neman “gyaran fata”. In kwanaki kaɗan ne, a daina kawai. In an yi watanni, musamman in har da jiki, a ga likita kafin a yanke, domin wani lokaci sai an janye a hankali. A tafi da robar da sabulun gaba ɗaya. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma kowane babban asibitin gwamnati zai iya tura mutum inda ya dace. A sa rai fuska za ta yi muni kafin ta gyaru, makonni ko watanni. A wannan tsakanin, wanki sau 2 a rana da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, man shafawa marar turare, da man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Ban da dilka, ban da gurza, ban da turara fuska.

Bayan fata ta huce ne ake fara maganin kurajen. Wanda aka fi farawa da shi shi ne mai rubutun Benzoyl peroxide, na kashi 2.5 ko 5, gwargwadon ƙwayar wake ga duk fuska, dare ɗaya a tsallake ɗaya har fata ta saba. Yana kore launin tufafi, a kula da mayafi da rigar matashi. Akwai Adapalene na kashi 0.1 da ake shafawa da dare, amma mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi. Kuraje masu zurfi da ke barin rami aikin likita ne tun da wuri, haka ma mace mai kuraje a haɓa tare da rikicewar al'ada da gashin fuska.

Su kuma kayan gida, ba duka ne marasa laifi ba don kawai daga kicin suka fito. Lemon tsami yana ƙona fata, in rana ta same shi ya bar tabo baƙi. Tafarnuwa tana yin ƙuna har da bororo. Kanwa da man goge baki suna busar da fata su tsattsage ta, sabulun salo ma yana da kaifi ga fuskar da ta riga ta ji rauni. Man kwakwa yana toshe ƙofofin gashi ga mutane da yawa. Zuma tsantsa na minti 10 zuwa 15 a wanke ba ta cika cutarwa ba, tana ɗan sanyaya fata, amma iyakarta ke nan.

Kafin a rufe ki a shafin, ki ɗauki hoton tallar da hirarku da shaidar tiransifa da sunan asusun da kika tura wa kuɗi, ki ɗauki hoton fuskarki da kwanan wata. Kada ki zubar da ragowar kirim ɗin, shi ne abin da za a iya gwadawa. A kai su ofishin NAFDAC na Kano ko Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Jihar Kano. In kuma kuɗi aka karɓa ba a kawo kaya ba, a sanar da banki a ranar, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda da waɗannan hotunan.