Hooke-Jeeves ko Nelder-Mead, wanne za ka ɗauka?

Malam, ka ce kana son rage nauyin wani ƙarfen gini, ma'aunai shida kake sauyawa, manhajarka kuma sakamako kawai take fitarwa, ba ta nuna inda gangara ta nufa. Hooke-Jeeves da Nelder-Mead hanyoyin lissafi ne na neman mafi ƙarancin sakamako ta gwaji, duk don irin wannan aka yi su, amma tafiyarsu daban ce.

Hooke-Jeeves ta 1961 lalube take yi. Za ta ƙara taku ɗaya a kan ma'auni na farko. In nauyi ya ragu ta riƙe, in bai ragu ba ta gwada ragewa, sannan ta wuce na biyu. Da ma'aunai shida, zagaye ɗaya zai iya cin gwaji 12. In an ci gaba sai ta yi tsalle ta wannan fuskar: a ninka sabon wuri sau biyu, a debe tsohon. In ko'ina ya ƙi, sai a raba taku biyu.

Nelder-Mead ta 1965 kuwa da ɗigo bakwai za ta fara, kowane ɗigo gwaji ne na ma'aunan shida. Mafi muni a ciki ake cillawa ƙetaren tsakiyar sauran, a miƙa shi ninki biyu in hanya ta yi kyau, ko a janyo shi rabi. Yawanci gwaji ɗaya ko biyu ya ishe ta a zagaye, shi ya sa take saurin farko. Aibinta, siffar da ɗigogin suka zana takan baje ta zama kamar layi, ta tsuke a inda ba nan ne ƙasa ba. Wani masanin lissafi, McKinnon, ya nuna haka a 1998 da ma'aunai biyu kacal. Maganin shi ne a sake tayar da ita daga inda ta tsaya da sabuwar siffa. Kuma fminsearch, umarnin manhajar lissafi ta MATLAB da ke bin wannan hanya, ba ya karɓar iyaka a kan ma'aunai.

Ni Hooke-Jeeves zan ba ka, domin ma'aunan ƙarfe suna da iyaka, kuma a 1997 wata masaniyar lissafi, Torczon, ta tabbatar cewa irin wannan laluben yana kaiwa inda gangara ta ƙare, matuƙar lissafin sumul ne. Sai dai ka kula da kwazazzabo mai karkace, nan Hooke-Jeeves takan yi ta rarrafe da ƙananan taku. Tun farko ka mayar da kowane ma'auni tsakanin 0 da 1. In kauri na milimita ne, tsawo kuma na mita, taku ɗaya ba zai yi musu daidai ba. Ka fara da taku 0.1, kuma daga wurare uku ko huɗu, don duka biyun ramin da ya fi kusa suke faɗawa.