Warin ƙwai ko warin jiƙaƙƙen kwali: wanne ake iya gyarawa a jar giyar inabi?

Ɗan'uwa ya ce ya sayi jar giyar inabi mai sauƙin kuɗi a wani kanti a Barnawa da ke Kaduna, yana buɗewa wari ya buge shi. Ya zubar ne ko da dabara? Sai an san wane irin wari ne tukuna.

In warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ko na ashana da aka ƙyasta yanzu, da sauran magana. Farar wuta ce ke kawo shi, ko dai yis ya rasa isasshen naitirojin lokacin da ake sarrafa inabin, ko giyar ta daɗe a toshe ba ta samu iska ba. Shi ya sa an fi jin sa a kwalba mai murfin murɗawa. Ka juye kwalbar duka, mililita 750 ɗin, cikin jug mai faɗin baki, ka karkaɗa sosai, ka bar ta minti 20 zuwa 30. In ya ƙi tafiya, wanke guntun jan ƙarfe tas, ka juya shi cikin kofin kamar daƙiƙa 30, ka cire. Jan ƙarfe yana kama farar wutar.

Warin jiƙaƙƙen kwali kuwa, irin na ɗakin da damina ta shige shi, wani abu ne daban. Sinadari ne da ake kira TCA, yana samuwa idan fumfuna a toshiyar ɓawon itace ta haɗu da kulorin. Iska ba ta korarsa, sau da yawa ma ƙara fito da shi take yi, ƙamshin 'ya'yan itacen kuma ya riga ya mutu. Kada ka ɓata lokaci, mayar da ita kantin da toshiyarta.

A ganina, a Kaduna zafi ya fi duka biyun ɓarna. Giyar inabi ta fi son wajen digiri 13, mu kuma a Maris da Afrilu muna haura 35, ga kwalabe jere jikin taga a kantuna. Kafin ka biya, duba ko toshiyar ta turo sama ko akwai danƙo a wuyan kwalbar. In ka zuba ka ga ta koma ruwan ƙasa tana warin dafaffen jam, zafi ya dafa ta. In kuma tsamin binigar take yi, iska ta shige ta. Duka biyun ba su gyaruwa.

Wadda ke lafiya, ka sa ta a firji kafin ka zuba, har ta sauko zuwa digiri 16 ko 17.