Kasuwar Lahadi a Cincero

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa lafiya, har da su Inna. Ka ce in ba ka labarin kaya da kasuwa a nan, to ga shi.

Cincero ƙaramar gunduma ce a tsaunukan Peru, kimanin kilomita 30 daga birnin Kusko, bisanta ya haura mita 3,700. Makon farko ko ɗan tudu na hau sai na tsaya na maida numfashi. Yawancin mutanen nan yaren Kecuwa suke ji a gida da kasuwa, Sifaniyanci sai makaranta da ofis.

Abin da muke kira dankalin Turawa, Yaya, ashe asalinsa nan ne. Peru tana da iri fiye da 3,000, baƙi da ja da rawaya da mai ɗigo-ɗigo. Ranar Lahadi mata suna kasa shi a ƙasa kamar yadda ake kasa tumatir a gida. Har yanzu akwai masu musaya, a ba da dankali a karɓi masara, kuɗi bai shiga tsakani ba. In ka saya kuma, sai ka ce "yapa", a ƙara maka. Gyararmu ce sak. Ranar da wata tsohuwa ta fara jefa mini biyu a jaka, sai da idona ya ciko.

A Yuni da Yuli, da sanyi ke daskarar da ruwa cikin dare, suna baza dankali a fili ya kwana ya ƙanƙare, da rana a tattake shi ruwan ya fita, a bar shi ya bushe. Sunansa cunyo, yana shekaru bai lalace ba. Na tuna asarar da manoman Filato ke yi, amma mu ba mu da wannan sanyin.

Wuta ba ta cika ɗaukewa ba, tun zuwana ban ji ƙarar janareto ba. Kuɗinsu sol, kuma masu shaguna da yawa suna karɓa ta waya da wata manhaja mai suna Yape.

Inda nake shan wuya shi ne tukunya. Babu gero, babu dawa, babu manja. Alade ya yi yawa a kasuwa, don haka tunkiya nake saya da ranta in yanka da kaina. Suna da busasshen nama mai gishiri, carki, amma ba ƙuli ba yaji, bai kama ƙafar kilishi ba.

In an sami mai zuwa Lima, babban birnin ƙasar, don Allah a ce wa Inna ta ƙullo mini daddawa da kuka.

Ƙaninka.