Daga cikin kai ko daga gefe: hanyoyi biyu na rubuta taɓin hankali

Marubucin da ke son mai karatu ya ɗanɗani ruɗanin taɓin hankali, ko dai ya bar mara lafiyar ya ba da labari da bakinsa, ko ya tsayar da mu gefe muna kallonsa.

Hanyar farko ita marubuciyar Amurka Charlotte Perkins Gilman ta bi a gajeren labarinta na 1892 mai suna "The Yellow Wallpaper". Mace ce ke rubutu a ɓoye, mijinta likita ya killace ta a ɗakin sama, ya hana ta aiki da sunan hutu. Da farko maganarta tsaf. Sannu a hankali zanen takardar bango mai launin rawaya ya fara yi mata motsi, har ta hango wata mace a bayansa tana rarrafe. Babu mai gaya mana cewa ta zauce, mu da kanmu muke rasa inda gaskiya ta tsaya. Wannan ya fi ratsa ni, domin haka ciwon yake ga mai shi.

Marubuciyar Ingila Virginia Woolf kuwa, a littafinta na 1925 mai suna "Mrs Dalloway", ta raba kallon biyu. Septimus, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Farko, yana jin tsuntsaye na waƙa da Girkanci a wani lambu a Landan, sai labari ya koma kan matarsa Rezia, tana fargabar mutane su lura. Ruɗanin ya ɗan lafa, amma kaɗaici da gajiyar mai jinya sun fito fili, irin wanda duk wanda ya taɓa kwana yana gadin ɗan'uwa mara lafiya zai gane.