Jiragen Super Tucano: kaya mai kyau, ciniki mai ƙulli

Da kuɗin jama'a aka sayi jiragen yaƙi 12 samfurin A-29 Super Tucano daga Amurka, kuma mu mutanen Jihar Katsina muna cikin waɗanda suka sa rai za su ci moriyarsu, don haka muna da hakkin mu duba su kamar yadda kowane mai saye yake duba kayansa, wato mu auna ingancin kayan da farashinsa, sannan mu auna halin wanda ya sayar mana.

Shi kansa jirgin ba shi da abin kushewa mai yawa. Kamfanin Embraer na ƙasar Brazil ne ya ƙirƙiro shi, amma namu an haɗa su ne a Jacksonville ta Jihar Florida tare da kamfanin Sierra Nevada. Jirgi ne mai farfela ɗaya da kujeru biyu, yana da manyan bindigogi biyu a cikin fikafikansa, yana kuma ɗaukar bama-baman da ake saita su zuwa inda aka nufa. Rashin gudunsa, wanda wasu suke yi wa dariya idan suka kwatanta shi da jiragen jet, shi ne amfaninsa a irin yaƙin da muke ciki, domin yana iya daɗewa yana shawagi a kan daji kamar Rugu, matuƙinsa yana bin sawun ayarin babura, ba tare da ya sha man da jet zai sha ba. Inda yake da rauni shi ne idan abokan gaba suna da makaman harbo jirgi, kuma bai kamata a raina wannan ba, tunda a watan Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin Alpha Jet na sojin sama a yankin Zamfara.

Farashin ya yi nauyi. Najeriya ta biya dala miliyan 496 a 2018, kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da kuɗin daga asusun rarar mai kafin majalisa ta amince, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a lokacin. Adalci ne a faɗi cewa kuɗin ba na jiragen kaɗai ba ne, domin sun haɗa da makamai da kayan gyara da horar da matuƙa a sansanin Moody na Jihar Jojiya, har da gine-ginen da aka yi a sansanin Kainji. Abin da ya fi farashin ciwo shi ne jira. Rukunin farko na jirage shida bai iso ba sai a watan Yulin 2021, kuma a cikin wannan tazarar ne, a watan Disambar 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, alhali shugaban ƙasa yana gida Daura. Ba na cewa jiragen za su hana hakan, amma wanda ya biya kuɗi lakadan wuta tana ci a gidansa, shekara uku ba ƙaramin lokaci ba ne a gare shi.

Halin mai sayarwa ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa. A 2014, lokacin da Boko Haram take kama garuruwa a Borno da Adamawa, Amurka ta hana Isra'ila ta sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, tana kafa hujja da yadda sojojinmu suke take hakkin ɗan Adam. Maganar Super Tucano ma ta tsaya a ƙarshen mulkin Obama, bayan da jirgin sojin Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann da ke Jihar Borno a watan Janairun 2017. Sai ga shi a watan Agustan 2017 gwamnatin Trump ta amince da cinikin. Duk mai hankali ya san cewa tarbiyyar sojoji ba ta sauyawa cikin wata bakwai. Abin da ya sauya shi ne wanda yake zaune a fadar White House da kuma abin da ya ɗauka da muhimmanci. Akwai ma'aikatan da za su samu aiki a Florida, akwai kuma fargabar cewa idan aka ci gaba da juya wa Najeriya baya za ta koma wajen Sin da Rasha da Turkiyya da Pakistan, waɗanda dama ta riga ta fara ciniki da su. Babbar riba kuwa tana zuwa ne bayan an miƙa kaya, domin wanda ya sayar maka da jirgi shi ne zai riƙa sayar maka da bam da kayan gyara na shekaru masu yawa, kuma duk ranar da kuka saɓa yana iya rufe famfo.

Ban ɗauki damuwarsu kan fararen hula a matsayin ƙarya zalla ba. Wanda ya ji abin da ya faru a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a watan Disambar 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya hallaka masu taron Mauludi, ya san cewa akwai dalilin sa ido. Aibin shi ne ana ɗaga wannan ka'ida a ajiye ta gwargwadon buƙatar mai sayarwa, ba gwargwadon halin da mai saye yake ciki ba.

A nan Katsina mun ɗanɗana ƙullin da ke cikin yarjejeniyar. An sayar da jiragen ne da sunan yaƙi da 'yan ta'adda, wato Boko Haram da ISWAP, saboda haka sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwambar 2021, gwamnati kuma ta wallafa hukuncin a jaridarta a watan Janairun 2022, sannan ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce an share hanyar amfani da su a kansu. A lokacin, sansanin jiragen yana Kainji, wadda ta fi kusa da dazuzzukan Zamfara da Katsina a kan tafkin Chadi, amma mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari suna jiran a gama maganar suna.

Ko bayan an warware wannan, jirgi ba ya kwana a ƙauye. Yana tarwatsa sansani ya koma, waɗanda suka tsira kuma su huce a kan gari mafi kusa idan babu dakaru a ƙasa, kuma ina ganin fahimtar hakan ce ta sa Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023.

Hukuncina shi ne jirgin ya cancanci a saya, amma ba a kan irin waɗannan sharuɗɗan ba. Tun a watan Afrilun 2022 Amurka ta amince da sayar mana da jirage masu saukar ungulu 12 samfurin AH-1Z Viper a kan kusan dala biliyan ɗaya, kuma a wannan ciniki da duk wanda zai biyo baya ya kamata majalisa ta ga takarda kafin a biya, a rubuta ranar miƙa kaya da tarar jinkiri, a fayyace waɗanda za a iya kai wa hari a kowane yanki na ƙasar nan, a kuma tabbatar injiniyoyin sojin samanmu za su koyi babban gyara a gida.