Ajin Turancin Baba Hedimasta a Unguwar Rogo

Ƙanwata na raka, don kada ta riƙa dawowa ita kaɗai bayan isha'i. Yau wata biyu ke nan, ita ta daina zuwa, ni kuwa ban taɓa fashi ba.

Aji ne na dare a wata ƙaramar firamare ta kuɗi da ke Unguwar Rogo a nan Jos, Talata da Alhamis, daga bayan magariba. Malamin tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Naira dubu uku a wata, kuma bai taɓa tambayar mutum kuɗi a gaban jama'a ba.

Ranar farko ya shigo da hular sanyi da wani ƙamus da bangonsa ya cire, an ɗaure shi da kyauro. Ya rubuta "alcohol" a allo, ya juyo wajenmu mata ya ce, "'Ya'yana, wace ce ta sa kwalli yau?" Muka yi tsuru-tsuru. Ashe daga "al-kuhl" na Larabci kalmar ta fito, wato kwallin nan namu. Turawa suka ara suna kiran gari mai laushi da ita, daga nan ta koma kan abin da aka tace, har ta ƙare a kan abin da ke sa maye a giya. Wata Hajiya a bayana ta yi salati, ta ce ita dai nata kwallin daga Makka aka kawo mata.

Haka yake koyarwa. "Quarantine" daga kwana arba'in ne da ake tsare jiragen ruwa a Benis ta Italiya lokacin annoba, ya ce mu tuna da mai jego kawai. "Boycott" sunan mutum ne, Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a Ailan, wanda a 1880 manoma suka ƙi yi masa girbi, masu kanti suka ƙi sayar masa da kaya, har wasiƙa aka daina kai masa. Ni da nake haddace kalma yau gobe ta gudu, waɗannan sun zauna daram.

Abin da ya fi burge ni, ba ya karɓar shaci-faɗi. Wani saurayi ya ce ai boko daga "book" ne. Baba ya cire tabarau ya ce, "To amaryar boko fa, littafi take karantawa?" Ya ce Farfesa Paul Newman, wani masanin harshen Hausa, ya yi rubutu a 2013 yana nuna cewa kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin jabu ko yaudara.

Sai dai in jarrabawa ce a gabanka, nemi wani wurin. Baba ba ya bin manhaja. Kalma ɗaya takan cinye dare guda, wani lokacin ma ya ɓige da labarin zamanin haƙar kuza. Bencinan na 'yan aji biyu ne, gwiwa har haɓa. In aka ɗauke wuta, da fitilar waya ake ƙarasawa.

Mai niyyar zuwa ya zo da rigar sanyi, ya kuma zo da wuri. Tagar baya ba gilashi, kuma nan ake barin wa wanda ya makara.