Distiributa ko kwayil fak: amsa ga mai son canzawa

Ɗan'uwa, ka ce tsohuwar motarka mai silinda huɗu da kabureta tana yawan yin mis, wato wata silinda ta ƙi ƙona mai, musamman da sanyin safiya, kuma kana tunanin cire distiributa ka sa kwayil fak. Ana yin haka, ni ma ina son tsarin. Sai dai kafin ka kwance ko da noti ɗaya, ka san cewa distiributa ayyuka uku take yi, kwayil fak kuwa ɗaya kawai zai karɓa daga ciki.

Ita distiributa tana sanin inda fistin yake domin kamshaf ne ke juya ta, da rabin gudun injin. Ita ce ke matso da lokacin wuta gaba idan gudu ya ƙaru, ta hanyar wasu ƙananan ƙarafa da sifirin da ke cikinta, da kuma iskar da injin ke zuƙa. Sannan rota ta ɗauki wutar kwayil guda ɗaya ta raba wa filogi huɗu bi da bi. Yawancin wannan ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, shi ya sa take cinyewa. Buɗe murfinta ka duba: za ka ga farin gari a kan ƙarafan ciki, bakin rota ya ƙone, wani lokaci da siririn layin baƙi inda wuta ke bi ta gudu idan akwai raɓa. Kama shaf ɗin ka girgiza. In yana lilo, ka haska fitilar taimin, wato mai nuna lokacin wuta, a kan fuli, za ka ga alamar tana rawa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

A kwayil fak babu abin da ke juyawa. Kwayil biyu ne a gida ɗaya, ɗaya na silinda ta 1 da ta 4, ɗayan na ta 2 da ta 3. Filogi biyu ke tartsatsi lokaci guda, ɗaya a kan man da aka matse, ɗayan a cikin hayaƙin da ke fita, bai ƙona komai ba. Kowane kwayil yana samun isasshen lokacin caji ko injin na gudu sosai, taimin kuma ba ya gocewa daga yadda aka tsara shi.

Amma kwayil fak bai san lokacin da zai yi wuta ba, sai an gaya masa, kuma yawancin aikin canjin a nan yake. Kana buƙatar faifai mai haƙora a jikin fulin kiranshaf. Wanda aka fi amfani da shi, irin na tsarin EDIS na Ford, mai gurbin haƙori 36 ne da aka cire ɗaya, tsakanin kowane haƙori da na kusa digiri 10. Giɓin nan shi ke shaida wa sensa inda fistin na ɗaya yake. Dole faifan ya zauna daidai tsakiya, mariƙin sensa kuma ya yi ƙarfi, tazararsu kamar milimita ɗaya. In mariƙin yana karkarwa, mis ɗin da ka gudu shi za ka sake tararwa. Bayan haka sai ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfutar da za a tsara mata yadda wuta za ta matso gaba, sai gyaran wayar agogon gudun injin.

Abu ɗaya kada ka manta: a injina da yawa shaf ɗin distiributa ne ke juya famfon baƙin mai. Ka zare ta ka toshe ramin kawai, injin zai tashi babu mai, ya kama cikin mintuna. Ka tabbatar da naka tukuna.

Batun ƙarin ƙarfi kuwa, kada ka sa rai da yawa. Tashi da sauƙi da tafiya sumul za ka samu.

Da ni ne da motarka, zan fara da sabon murfi, rota da wayoyin filogi. In shaf ɗin lafiyayye ne, sai in cire kontak, wato ƙaramin makunnin da ke buɗewa da rufewa don kwayil ya yi wuta, in sa ƙaramar sensa ta lantarki a cikin distiributar, aikin awa ɗaya ko biyu. In kuwa ta cinye kuma mai kyau ta yi wuyar samu, ko kana shirin komawa injekta nan gaba, to kwayil fak ya cancanci wahalar. Ka ajiye tsohuwar distiributar da wayoyinta har sai sabon tsarin ya yi wata guda yana aiki lafiya.